Jinyar Mai Ciwon Sukari Da Raunin Zuciya

Yau zancenmu da ke ne, wadda ke jinyar Maigida ko Inna mai ciwon sukari, ga kuma zuciya ta yi rauni, ba ta harba jini sosai. Kin san alamun: ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, barci sai an tara matasan kai.

To, ba kowane maganin sukari ne ya dace da irin wannan majinyaci ba. Akwai wani, Pioglitazone, da ke sa jiki ya tara ruwa, alhali da ma zuciya ta gaji. Saboda haka kada ki karɓo ƙwayar maƙwabciya don ta ce ta yi mata amfani. Ai mun san halinmu wajen wannan! Ranar asibiti ki kwashi kwalayen magani duka ki nuna wa likita.

Metformin kam, likita yakan bar shi muddin ƙoda na aiki. Akwai kuma Dapagliflozin, mai fitar da sukari ta fitsari. A 2019 gwaji ya nuna yana rage wa masu raunin zuciya yawan kwanciya asibiti. Sai dai a kula da tsabtar gaba, don fitsari mai zaƙi yakan jawo ƙaiƙayi. In amai ko gudawa ta kama mai shansa, a sanar da likita ran nan, don akan dakatar da shi.

Tukunya kuwa a hannunki take. Rage gishiri da dunƙule, a bar kunun kanwa. Ki riƙa auna nauyinsa da safe. In ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne, kada a jira ranar da aka sa muku.