Rawanin Damagaram Ba Ya Buƙatar Sandar Gwamnati

A Damagaram akwai mutane iri biyu da ake haɗawa a kira su masu ra'ayin riƙau, alhali ba abu ɗaya suke nema ba. Na farko shi ne magidancin unguwar Birni ko Zango da ke tura ɗansa makarantar allo, yana cire takalmi a ƙofar fada, yana kai rikicin gona gaban mai unguwa kafin ya tuna da alƙali. Na biyu shi ne mai son gwamnati ta ɗauki wannan tarbiyya ta mayar da ita doka, ta sa jandarma ya tsare ta. Mu muna tare da na farko, kuma muna ganin ya fi kusa da masu aƙidar taƙaita ikon hukuma da barin mutum da 'yancinsa fiye da yadda yake zato.

Tarihin fadar kanta ne hujjarmu. Bayan Faransawa sun ci garin a 1899, ba su rushe sarauta nan take ba, sun riƙe ta ne don karɓar haraji da tara mutanen aikin dole. Da suka yi zargin makirci a 1906, sai suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, suka ɗora Ballama, bawan fada, a kan jama'a, kuma gidan sarauta bai dawo kan gado ba sai a 1923. A 2001 hukumomin Yamai suka sauke Sultan Abubakar Sanda, ya yi shekara goma a waje kafin ya koma a 2011. Hannun da ake roƙo ya kare al'ada, shi ne dai ya kwance rawani sau biyu. Wanda ya ba gwamnati ikon tilasta abin da yake so yau, ya ba ta ikon tilasta abin da yake ƙi idan mulki ya canza hannu, kuma a Nijar mulki yana yawan canza hannu.

Za a ce ai sarautar ma da ƙarfi aka gina ta. Gaskiya ne. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙera igwa, kuma bayi na cikin dukiyar daularsa. Ba wannan muke karewa ba. Abin da ya rage wa fada a yau shi ne sulhu da jin magana, kuma ƙimarsu ta zo ne daga cewa mutane da ƙafarsu suke zuwa. Babu wanda ke kora jama'a zuwa hawan salla, amma gari yakan cika maƙil.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na iyayen da ke kallon samarin ƙungiyoyin da ake kira “fale” da ƙwaya da faɗan daba, suna cewa in ba a matsa ba komai zai lalace. Damuwarsu muna da ita. Sai dai duka da sata laifi ne da doka ta riga ta hana, kuma nan ne aikin hukuma yake, kare rai da dukiya. Ranar 16 ga Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa da sunan kishin addini, wannan aikin ne ya gaza, kuma maƙwabta da aka haifa a garin nan ne suka kwana cikin tsoro. Sutura da aure da ibada kuwa, a bar su ga iyaye da malamai da masu unguwa. A gefen hukuma, samarin nan sana'a da makaranta suke jira.