Ciwo ba ya jiran a tashi daga kasuwa

Duk mai sayar da kayan miya ta san cewa tumatir ɗaya in ya fara ruɓewa a gindin kwando, ba ya jiran ranar kasuwa mai zuwa. In ba a fidda shi da wuri ba, sai ya ja kwandon duka. To, ƴan uwana ƴan kasuwa maza da mata, akwai wani ciwo mai irin wannan hali, wanda likitoci ke kira sefsis.

Ciwon nan daga ƙaramin abu yake farawa: miki da ya yi mugunya, ciwon huhu, ciwon mafitsara, zazzaɓin taifot da ya huda hanji, ko zazzaɓin mai jego. Jiki ya tashi yaƙi da ƙwayar cuta, sai yaƙin ya wuce gona da iri, har ya shiga ɓata sassan jikin da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2017 mutum miliyan 11 ne suka mutu ta wannan hanya, wato kusan ɗaya cikin kowane biyar da suka rasu a duniya a shekarar.

A ɗakin da ake kwantar da masu ciwo mai tsanani, wanda muke kira reyanimasiyo, likitoci na da ma'auni mai suna SOFA, wanda Farfesa Jean-Louis Vincent na ƙasar Beljiyam da abokan aikinsa suka wallafa a 1996. Sassa shida ake dubawa: huhu, zuciya da hawan jini, hanta, ƙoda, ƙwaƙwalwa, da daskarewar jini. Kowane sashe ana ba shi maki daga 0 zuwa 4, jimla 24. Kamar littafin bashi ne: gwargwadon yawan maki, gwargwadon haɗari. Tun 2016, in mai ɗauke da ƙwayar cuta ya ƙaru da maki 2 ko fiye, ana ɗaukar cewa sefsis ya kama shi.

Wannan lissafi na buƙatar awon jini, aikin asibiti ne. Amma a 2016 ɗin an fitar da gajeren ma'auni na manyan mutane, mai alamomi uku. Na farko, numfashi sau 22 ko fiye a minti ɗaya. Na biyu, tansiyo ta faɗi, lambar sama ta koma 10 ko ƙasa, a yadda ake faɗinta a nan. Na uku, hankali ya gushe: majinyaci na sambatu, ko ba ya gane mutane, ko yana barcin da ke da wuyar tashi. Biyu cikin ukun nan in sun haɗu ga mai ciwo, haɗari ne babba. Numfashi da hankali kuwa, mai ƙirga canji a kullum ba za su gagare ta ba. A ƙara da lura da fitsari: in ya ɗauke, ƙoda ce ke kuka. Amma kada a zauna jiran sai alamomin sun cika, domin a 2021 masana sun yi gargaɗin kada a dogara da su kaɗai. Yara ƙanana kuma ƙirgarsu daban take. Yaron da ya ƙi nono, ko ya saki jiki, asibiti kawai.

Ga inda nake ganin muna cutar kanmu. Ciwo ya kwantar da mutum, sai a kira mai tallan magani a kai, a sayi kafso biyu da farasitamol. Zafin jiki ya sauka, a ce sauƙi ya samu, a koma rumfa. Alhali farasitamol zafi kawai yake saukarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Kafso biyu kuma ba sa gama da ita, sai dai su koya mata jure magani. Kwana uku a haka, sai a kai mutum asibiti ƙoda ta riga ta tsaya, sannan a ce asibiti ce ta kashe shi. Likitoci kuwa so suke mai wannan ciwo, in jininsa ya faɗi, a sa masa ruwa da maganin kashe ƙwayar cuta ta jijiya cikin awa ɗaya.

Wani zai ce, to kuɗin fa? Gaskiya ne, odinansi na da nauyi, rufe rumfa kuma asara ce. Amma jikkar da aka ƙi kashewa ranar farko ita ce ke komawa jari duka a rana ta biyar, kuma ba lallai a dawo da mutum ba. Matan da ke adashi suna iya ware wani abu don irin wannan rana, yadda ake warewa don biki da suna.

Hukumomi ma da nasu. Kowace ƙaramar asibiti ta unguwa ko ta ƙauye ta mallaki abin awon tansiyo mai aiki, da ma'aikacin da zai ƙirga numfashi kafin ya rubuta magani, da motar da za ta kai mai tsanani Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ba tare da an tsaya cinikin mai ba. Ranar 13 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan ciwo a duniya. Me zai hana a shigo kasuwanninmu da lasifika a ranar, a koya wa jama'a alamomin nan?

Haja in ta kwana, gobe ana iya sayar da ita. Mai numfashi sama-sama ba a kwana da shi a gida. Allah ya ba mu lafiya, ya ba majinyatanmu sauƙi, amin.