Ta gindi ruwa ke cin bango



Wannan karon labarin mangazarmu muka kawo muku, don kada abin da ya same mu ya same ku. Bara waccan da kaka mun fidda kuɗin asusu muka sayi hatsi da wake muka aje, muna jiran su yi tsada. Ginin na laka ne. Muka biya magini ya shafe shi da siminti ciki da waje, muka ce shi ke nan mun huta. Ina! Cikin watan Agusta muka buɗe, sai wari. Buhunan da ke ƙasa duk sun yi fumfuna, simintin ya kumbura yana ɓarewa, gindin bango ya yi laushi kamar tuwo.

Rufin bai yi yoyo ba ko ɗigo. Ta ƙasa ruwan ya shigo. Indararonmu gajere ne, a gindin bango yake zuba. Rariya kuma leda ta toshe ta. Laka tana jan ruwa zuwa sama kamar lagwanin fitila, siminti ya hana ta shan iska ta bushe. Kada mu raina wannan abu. Ko tsohon masallacin Birni na Damagaram, ruwan daminar 2024 ne ya kada shi.

Ga abin da muka yi bana, tun kafin hadari na fari.

Mun yi ciko da jar ƙasa mai tsakuwa kewaye da ginin, muka daɓe, ya gangara daga bango kamar taku biyu. Muka sa dogon indararo, muka jera duwatsu inda ruwa ke faɗowa don kada ya haƙa rami. Muka share rariya, muka ja mata hanya har waje, nesa da rijiya da masai. Kuma don Allah kada a juya ruwa zuwa katangar maƙwabta, nan ne faɗa ke tashi.

Sai da bango ya bushe sarai muka ɓare simintin, aka yi yaɓe da laka da ƙaiƙayi da kashin shanu. Inda ake samun makuba, ta fi. Siminti a bar shi ga harsashin dutse ko bulo. Buhu kuwa bisa katako zai hau, a bar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango.

A zamanku na wannan mako, ku zaɓi mata biyu su zagaya mangaza da ɗakunan da yara ke kwana. Idan an yi ruwa, su fita su ga inda yake kwanciya. Ku ware wani abu daga asusun taimako don amalanke ɗaya ko biyu na ƙasa, ya fi asarar buhu sauƙi.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai fitowa ta gaba.