Yaya Ake Cewa "Ina So" Da Gunganci?

 Harshe yakan fara mutuwa ne ranar da yaro ya daina neman ruwa ko tuwo da shi. A Hausa muna da so, buƙata, marmari da kwaɗayi, kowanne da muhallinsa. Gunganci, Kambarci da Shanganci ma suna da nasu. Tun da ruwan dam ɗin Kainji ya tashi Gungawa daga tsibiransu a 1968, Hausa ke ƙara mamaye gidajensu, Shangawa kuwa galibi sun koma Hausa. Tunda harshenmu ne ke cinye nasu, a ganina bashi ne a kanmu. Marubucin Yawuri, Ngaski ko Shanga, zauna da tsofaffi, ka rubuta yadda suke roƙo da neman taimako, ka sa a bakin taurarin labarinka. Allah ya sa mu dace.