Wayar Birkin Tsohon Keke

A wannan mako za mu waiwayi tsofaffin kekunan tsere 'yan gwanjo, masu lanƙwasasshen kai da siririyar taya, irin waɗanda samari ke hawa a Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum. Iyayenmu sun saba da Raleigh mai birkin sanda, wanda bai cika damuwa da ƙura ba. Waɗannan kuwa birkinsu waya ce mai gudana cikin kube, dabarar da Ernest Bowden ya yi wa rajista a Ingila cikin 1896.

A tsohuwar ƙira, kafin ɓoye waya ƙarƙashin naɗin kai ya yaɗu a shekarun 1980, wayar takan fito ta saman hannun birki, ta lanƙwaso kamar baka, sa'an nan ta gangara. Ta baya kuma ta bi doguwar sandar sama har gindin sirdi. To, a nan wasu masu gyara suke ɓata aiki, sai su datse kuben don tsimi ko don kyan gani. Gajeren kube, da zarar an karya kai sosai, sai ya ja birki da kansa. In kuwa ya yi tsawo ainun, birkin ya yi lagwani. Gwajin ba wuya: a ɗaga keke, a juya kai hagu da dama har iyaka, in tayoyi suna juyawa ba cikas, tsawon ya yi.

Ƙurar hunturu ma takan shige kube, baƙin man da ake ɗurawa kuwa tara ta yake yi. A zare waya, a goge, a shafa mai kaɗan.

Amma abin da ya fi damuna shi ne hannu. A Ingila da Japan hannun dama ne birkin gaba, a Amurka da Faransa kuwa hagu ne, ga shi kuma gwanjo ya cakuɗa su a kasuwa ɗaya. Wanda ya saba da ƙirar Ingila zai damƙe hagu yana zaton baya ne, alhali gaba ya kama. A cikin rairayin hanyoyin ƙauyukanmu, nan take tayar gaba za ta zame ta kayar da shi. Mai saye ya matsa kowane hannu ya gani tun keke na tsaye. In ya saɓa wa sabonsa, mai gyara ya musanya wayoyin, tun da a fili suke.