Raddi Ga Mai Cewa Obama Ya Cancanci Lambar Nobel

Wani ɗan'uwa malami ya tsaya kai da fata a kan cewa kwamitin Norwe ya yi daidai da ya ba Barack Obama lambar zaman lafiya ta Nobel ran 9 ga Oktoba 2009, alhali mutumin bai cika wata tara a kan mulkin Amurka ba. Kuma tun da maganarsa ta shiga kunnen jama'a, ya wajaba a warware hujjojinsa.

Ya fara da niyya, har ya jawo hadisin nan mashhuri na cewa ayyuka da niyya suke, yana mai kafa dalili da jawabin da Obama ya yi wa duniyar Musulmi a Alƙahira ran 4 ga Yuni. Sai mu ce, malam, ladan niyya yana wurin Masanin gaibu, amma alƙalin duniya da zahiri yake hukunci. Kuma wasiyyar da Alfred Nobel ya rubuta a 1895 ta sharɗanta aikin da aka riga aka yi, na ƙulla zumunci tsakanin al'ummai da rage rundunonin yaƙi. To, an rufe karɓar sunayen 'yan takarar lambar tun Obama bai yi mako biyu da rantsuwa ba, sannan ran 1 ga Disamba, saura kwana tara ya karɓi lambar a Oslo, ya shelanta ƙara soja 30,000 zuwa Afganistan. Ina ragin runduna a nan?

Sa'an nan malamin ya ce an ba Obama ne don a ƙarfafa masa gwiwa, ya ji nauyin amana. Wannan biyan leburan gini ne tun bai kwaɓa ƙasa ba, kuma abin da ya biyo baya bai gaskata zaton ba: kurkukun Guwantanamo, wanda ya sa hannu a rufe cikin shekara guda, ya sauka a 2017 ya bar shi a buɗe, yaƙin Libiya na 2011 kuwa, wanda makamansa suka watsu cikin Sahel, mu da muke maƙwabta mun ɗanɗana ɗacinsa. Hatta Geir Lundestad, sakataren kwamitin a lokacin da aka ba da lambar, ya amsa a 2015 cewa abin da suka yi fata bai samu ba. Ba su daddara ba, suka ba Abiy Ahmed na Habasha a 2019, shekara ta kewayo yaƙin Tigirai ya ɓarke.

Amma ƙiyasin da malamin ya yi da Mandela na Afirka ta Kudu, ɓatacce ne tun daga tushe, domin illar ba ɗaya ba ce: shi wancan ya share shekara 27 a tsare, kuma ba a ba shi ba sai 1993, bayan an soke manyan dokokin wariyar launi.

Obama da bakinsa ya ce bai ga ya kai matsayin magabatan da suka karɓi lambar ba. Idan mai abu ya yi iƙirari irin wannan, malam, ka janye da'awarka. An yi gaggawa, kuma a 2009 bai cancanta ba.