Waken Suya: Matsalarmu Daga Iri Ta Faro

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonar waken suya da tsakar rana, a farkon hunturu, ya san wata ƙara da manomi ba ya son ji. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana fasa gyaɗa a nesa. Kwanson waken ne yake fashewa yana watsar da ƙwaya a ƙasa tun kafin lauje ya iso gare shi. Na ji wannan ƙara a gonar wani ƙanen mahaifina a ƙasar Zazzau, a shekarar da rashin lafiya ta sa ya makara wajen girbi da kusan mako biyu. Da na tambaye shi, "Baffa, ina ka samo irin da ka shuka?" sai ya ce, "A kasuwa mana, ɗana. Wake ai wake ne." Wannan amsa ta Baffa ita ce dalilin wannan rubutu, domin kuwa a ganina da yawa daga cikinmu, har da masu ilimi da masu riƙe da madafun iko, kallon da muke yi wa al'amarin ke nan.

Mai karatu, waken suya ya wuce matsayin amfanin gona na gefe a ƙasar nan. Ƙwayarsa tana ɗauke da kimanin kashi 40 cikin 100 na sinadarin gina jiki da kashi 20 cikin 100 na mai. Da shi matan unguwa suke yin awarar da ta zama naman talaka, da shi ake yin madara da daddawa da kunun yaye, kuma abin da ya rage bayan an matse mansa shi ne ginshiƙin abincin kaji. Idan waken suya ya yi tsada, ƙwai ma sai ya yi tsada. Amma duk da haka abin da manominmu yake samu a kadada ɗaya bai cika wuce tan ɗaya ba, alhali takwaransa na Brazil yana samun fiye da tan uku. Taki da magani da injuna suna da nasu kason a wannan tazara, sai dai kafin a kai ga su duka akwai ƙwayar da aka binne a ƙasa.

Tarihin wannan wake a Najeriya shi kansa shaida ne. Asalinsa daga ƙasar Sin yake, kuma ya fara kama ƙasa a nan ne a yankin Binuwai, a hannun manoman Tibi, da wani tsohon iri da ake kira Malayan. Da aka yi ƙoƙarin kawo irin Amurka masu yawan yabanya, sai aka ci karo da matsaloli. Shi waken suya, kamar danginsa, yana ƙulla zumunci da wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa waɗanda suke zama a saiwarsa, suna kamo masa sinadarin naitirojin daga iska. Irin Amurka kuwa yana da tsirfa, ba ya yarda da kowace ƙwaya sai wata ta musamman wadda babu ita a yawancin ƙasarmu. Bugu da ƙari, ƙwayarsa ba ta jure zafi da laima a rumbu. A girbe ta a Nuwamba, kafin Yuni ta mutu, a shuka ta ƙi tsirowa.

Masu bincike a Cibiyar Nazarin Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi, wato IITA da aka kafa a Ibadan a 1967, su ne suka tunkari wannan tun daga shekarun 1970. Sun nemo wasu iri na Asiya waɗanda suke iya zama da ƙwayoyin da ke ƙasarmu, irin waɗanda wakenmu na gida yake amfani da su, suka yi musu barbara da irin masu yawan yabanya, suka riƙa zaɓe shekara bayan shekara. Daga nan aka samu jerin irin da ake yi wa laƙabi da TGx. Mafi shahara a cikinsu shi ne TGx 1448-2E, wanda kwansonsa yake jure rana ba tare da saurin fashewa ba. Da aka fitar da shi a arewacin Ghana a 2003, suna aka raɗa masa, Jenguma, wanda a ɗaya daga harsunan yankin yake nufin "jira ni". Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna abin da manomi yake nema: wake mai haƙuri, wanda zai jira shi ya gama da masara da shinkafa. Masu bincike sun kuma gano cewa irin wannan wake yana yaudarar ƙwayar ƙuduji ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu, don haka masarar da aka shuka bayansa takan samu sauƙi biyu, na ciyawa da na taki.

Sai kuma cutar tsatsa, wadda take busar da ganye tun kafin ƙwaya ta cika. Ta bayyana a Najeriya a ƙarshen shekarun 1990, kuma amsarta ma daga iri ta fito: a 2008 aka fitar da TGx 1835-10E, mai saurin nuna kuma mai jure wannan cuta, da haɗin gwiwar Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja, wadda ita ce aka ɗora wa alhakin waken suya a ƙasar nan.

Na kawo wannan tarihi ne saboda a 'yan shekarun nan, da zarar an ce "ingantaccen iri", sai hankalin jama'a ya tafi ga GMO, a shiga cacar baki. Gardamar ta yi zafi bayan da aka amince da waken SAMPEA 20-T na Cibiyar Samaru a 2019 da masarar TELA a 2024. Ya kamata a bambanta. Irin TGx da na ambata ta hanyar barbara da zaɓe aka samar da su, hanyar da kakanninmu suka bi suka ware gero mai kyau daga maras kyau, sai dai an yi ta da ma'auni da rubutu. Kuma tun da waken suya furensa da kansa yake barbarar kansa, manomi yana iya ajiye irinsa ya sake shukawa na wasu shekaru, muddin ya kiyaye shi daga gauraya.

Ba na raina fargabar masu fargaba. A Amurka, waken suya mai jure maganin kashe ciyawa da kamfanin Monsanto ya fitar a 1996 ya mamaye gonaki cikin ɗan lokaci, kuma a 2013 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin cewa manomi ba shi da ikon sake shuka ƙwayar da kamfani yake da haƙƙin mallakarta ba tare da izini ba. Duk mai hankali zai tambayi makomar ƙaramin manomi a irin wannan tsari. To amma darasin da na ɗauka daga nan shi ne, wanda ya yi binciken shi yake mallakar irin. Idan muka bar cibiyoyinmu suka lalace saboda muna tsoron kimiyya, ranar da buƙata ta matsa dole mu saya a hannun wasu, da farashinsu da sharuɗɗansu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, haka ne, amma zaman ma yana da nasa kuɗin.

Mu dubi Brazil. Waken suya tsiro ne da yake auna tsawon yini. Idan aka kawo irin ƙasashen sanyi kusa da tsakiyar duniya, sai ya yi fure tun yana ɗan guntu, ya ba da abin da bai taka kara ya karya ba. Gwamnatin Brazil ta kafa hukumar bincike ta Embrapa a 1973, da reshenta na waken suya a garin Londrina a 1975, kuma masananta suka samar da irin da yake jinkirta fure har ya girma. Da wannan, tare da gyaran ƙasa, suka mayar da dajin Cerrado gonaki, har ƙasar ta zarce Amurka, ta girbe fiye da tan miliyan 150 a 2023. An yi asarar daji mai yawa a wannan tafiya, kuma wannan ba abin koyi ba ne. Abin koyin shi ne ɗorewa: gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, binciken bai tsaya ba. Samar da iri guda yakan ci shekara takwas zuwa goma, ya fi wa'adin gwamna tsawo, shi ya sa 'yan siyasarmu ba sa ganin ribarsa.

Yanzu kuwa aikin ya fi sauƙi. Tun 2010 aka wallafa cikakkiyar taswirar ƙwayoyin gadon waken suya, kuma a 2014 masana a Japan suka gano ɗaya daga ƙwayoyin gadon da suke sa kwanso ya murɗe ya fashe idan iska ta bushe. Da irin wannan sani, mai bincike yana iya gwada ɗan ganye ya san ko tsiron yana ɗauke da halin da ake nema, ba sai ya jira kaka ba. Abin da ya rage shi ne mu faɗi abin da muke so. Muna son wake mai jure tsayawar ruwa a tsakiyar damina, mai nuna da wuri don Kano da Katsina da Jigawa, mai ƙwayar da za ta kai wata damina da rai. Muna kuma son inganci, domin masana sun daɗe da lura cewa yayin da ake ƙara yawan yabanya sinadarin gina jiki yakan ragu. Mai awara ta san waken da yake ba ta auki da wanda gafinsa yake korar masu saye, amma wa ya taɓa tambayar ta kafin a fitar da sabon iri?

Saboda haka ina kira ga gwamnonin Arewa, musamman na Kaduna da Neja da Binuwai da Kano, da su ware kuɗi na dindindin don gwajin iri a jihohinsu tare da Badeggi da Samaru da jami'o'inmu, su kuma tallafa wa ƙungiyoyin manoma su riƙa ninka irin da aka tantance a ƙauyukansu. Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa, wadda dokar 2019 ta ƙara wa ƙarfi, ta sa ido a kan masu zuba waken kasuwa a leda su buga masa tambari. Kamfanonin matse mai da masu haɗa abincin kaji su fara biyan ƙari a kan wake mai inganci, domin manomi ba zai wahala a kan abin da sikeli ba ya gani ba. Mu kuma ma'aikata da muke aika kuɗin taki gida duk damina, mu ƙara da tambayar wane iri za a shuka, daga ina kuma aka samo shi.

Baffa dai ya karɓi irin da na kai masa a shekarar da ta biyo baya, bayan doguwar muhawara. Ya shuka rabin gona da shi, rabi da nasa na kasuwa, ya ce gani ya kori ji. Da kaka ta yi, na kasuwar ya fara girbewa cikin gaggawa, ɗayan kuwa ya jira shi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari, amin.